Matakala Goma Sha Bakwai

Ƙyanda ce ta ɗauke min idanu ina shekara shida,
a ɗakin haya, bayan layin dogo, a Agege.
Abin da na gani na ƙarshe ba wani abin kirki ba ne:
bokitin roba, shuɗi, yana tarar yoyon kwano.
Har yau in aka ce shuɗi, ɗigar ruwa nake ji.

Baba mahauci ne a Oko-Oba.
Aka ce masa, zaunar da ita bakin gada, Ikko akwai masu bayarwa.
Ya goge wuƙa a gefen wando, bai tanka ba.
Washegari ya kai ni inda ake karatu da yatsa.
Ɗigo shida kacal,
na bi su kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa
har suka fara yi min magana.

Da tafin ƙafa na haddace garin nan.
Oshodi ihun kwandasta ne da hayaƙin danfo,
Obalende ƙamshin tsire,
kwatar bakin kasuwarmu kuwa baki ce marar murfi.
Ta karya min ƙauri, na warke.
Daren wani ruwa ta haɗiye Baba Ojo, gurgu mai gyaran rediyo,
shi da kekensa.

Kwana uku da binne shi muka fito titin Ikorodu,
mu arba'in da wani abu,
su 'yan sanda, mu masu sanda.
Suka sako barkonon tsohuwa.
Na ce da yaron da ya riƙe min gyale,
ɗana, idon da kake nema ya daɗe da tafiya.
Na ji hannunsa ya saki.

Shekara goma sha ɗaya ina ƙwanƙwasa ƙofofi,
ana cewa oga ya fita, alhali ina jin tarinsa.

Da na tsaya takara, abokin hamayya ya hau mota da lasifika:
wadda ba ta ganin gabanta, ina za ta kai ku?
Na ce, kai mai ido biyu, shekara takwas, me ka gani?
Mata masu sayar da burodi suka kwashe da shewa.
Ranar zaɓe wani ne ya kama min babban yatsa ya dangwala.
Har gobe ban da tabbacin ni na zaɓi kaina.

Matakalar majalisa goma sha bakwai ce, ba abin dafawa.
Na ƙirga su da sanda ranar rantsuwa,
na faɗi adadin kafin in faɗi sunana.
Suka miƙo takardu sumul kamar goshin jariri,
ba su ce wa yatsana komai ba.
Yanzu na san kowa: wannan da turarensa,
wancan da yadda yake minshari in an zo kan kasafi.

Ƙudurina ya yi damina biyu a aljihun tebur.
Da ya fito, an yanke masa hannu da ƙafa,
na ce ba komai, irinmu ne, zai rayu.

A unguwa wasu na cewa
Lantana ta shiga mota mai sanyi, ta manta zafin kwalta.
Ba na musu. Wani dare nakan kwanta
ina laluben inda maganar take da gaskiya.

Jiya na sa direba ya tsaya a bakin kasuwa.
Na sauka ni kaɗai, na buga sanda inda kwatar take.
Siminti ya amsa.
Na sake bugawa, don Baba Ojo.
Sai wata yarinya ta ja ni da hannu, ta ce,
Mama, a hankali, ta gaba a buɗe take.